Daga ƙurji zuwa sefsis: yadda ƙwayar cuta ke kayar da mutum

Ƙwayar cuta sai ta samu ƙofa take shiga jiki: yankan lauje a gona, gyambon mai ciwon suga, mafitsara, huhu, mahaifar mai jego, ko cibiyar jariri da aka shafa wa toka ko man goge baki. Da ta shiga sai garkuwar jiki ta taso mata, wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya. Yawanci a nan faɗan yake ƙarewa.

Sefsis kuwa shi ne garkuwar ta wuce gona da iri har ta koma cin gida. Jijiyoyin jini su saki, ruwa ya riƙa tsiyaya daga cikinsu, awon jini ya faɗi, ƙananan gudaji su toshe hanyoyi. Ƙoda na cikin waɗanda ke fara gazawa, shi ya sa fitsari ke raguwa.

A babba, a ƙirga numfashi: 22 ko fiye a minti ɗaya, lambar sama ta awon jini 100 ko ƙasa, ga sambatu. Biyu cikin ukun nan, a nufi asibitin da ya fi kusa. Jariri kuma ƙin kama nono, numfashi 60 ko fiye a minti, ko jiki ya yi sanyi ƙalau. Ba dole sai da zazzaɓi ba, kuma nan iyaye ke ruɗuwa.

Kuskurenmu a Katsina shi ne kowane zafin jiki maleriya ne, a kwana uku ana kemis. A asibiti ana ɗibar jini don gwaji tukuna, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda, a ɗaura ruwa, sannan a farke inda mugunyar take.