Shagon bayolin a Jos da yaran da nake haɗawa huɗu-huɗu

Sana'ata haya da gyaran kayan kiɗa masu tsirkiya ce: bayolin, biyola da celo, wato dangin goge na Turawa, celo ne babba a cikinsu. Shagona a Jos yake, ɗaki biyu da falo. Ɗaki ɗaya na teburin aiki ne da tukunyar danƙo, ɗaya ma'ajiyar kaya, falon kuma nan yara ke zama su yi gwaji. Masu hulɗa da ni galibi makarantun kuɗi ne da coci-coci da suka kafa okestirar matasa, wato babbar ƙungiyar masu kiɗa tare, sai iyayen da ke son ɗansu ya koya amma ba su shirya saye ba tukuna. Da haya da gyara na fara. Haɗa yara huɗu-huɗu su yi kiɗa tare daga baya ya shigo, kuma yau shi ya fi riƙe shagon, shi ne kuma na fi ƙauna a cikin aikin gaba ɗaya.

Kayan da ake dawo mini da su a ƙarshen zangon karatu ne suka sa na fara tunanin abin. Mai gyara yana gane wanda ya yi kiɗa da wanda ya riƙe kaya kawai. Bayolin ɗin da aka yi aiki da shi za ka ga tsirkiyarsa ta dushe a wurin da yatsu ke sauka, ga farar ƙurar ƙaron da ake goga wa izgar bakan kaɗawa a ƙarƙashin jaki, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa. Wani kuwa sai ya dawo tas, ƙaron da na bayar ma da sheƙinsa kamar ba a taɓa ba, alhali yaron bai fashi zuwa gwajin okestira ba. Dalili a fili yake. A okestira yara goma ko fiye suna iya bin layin kiɗa ɗaya. Wanda ke kujerar baya zai iya motsa hannu tare da kowa ba tare da ya fitar da sauti ba, mai sanda, wato jagoran okestira, a gaba yana ƙirga masa lokaci, na kusa da shi yana rufa masa asiri. Sai a shekara a haka, iyaye suna ganinsa a kan dandamali cikin farar riga suna murna, shi kuwa a ransa ya san bai iya ba. Irin wannan yaron ne ke ajiye kaya da zarar ya gama sakandare.

Ba okestira nake kushewa ba. Akwai abin da yaro ke samu a cikin sautin mutum arba'in wanda ba zai samu a wani wuri ba. Amma a ƙungiyar 'yan huɗu, wato bayolin biyu da biyola da celo, kowa da layinsa shi kaɗai. Idan ka yi shiru an ji rami. Idan ka yi gaggawa ka ja mutum uku sun faɗi tare da kai. Babu mai sanda, don haka da numfashi da ido ake farawa: mai bayolin na ɗaya ya ja numfashi ya ɗan ɗaga kai, sauran su shiga tare. Wannan tsari ya daɗe. Joseph Haydn na ƙasar Ostiriya ne ya daidaita shi a ƙarni na 18, ya kuma bar kiɗan 'yan huɗu har 68, kuma a cikinsu akwai sassa masu sauƙi da yaro ɗan shekara goma sha uku zai iya taɓawa. Yaranmu da suka tashi a cikin mawaƙan coci ba sa shan wahalar gane shi, domin sun saba da murya huɗu, daga siririya ta sama zuwa mai kauri ta ƙasa.

Matsalar farko a kowace shekara ita ce biyola. Kowa bayolin yake so, saboda shi ke ɗauke da waƙar da ake ji. Celo yana da masoya amma yana da tsada, ga wahalar ɗauka a Keke Napep. Biyola kuwa ba wanda ke zuwa da kansa ya ce ita yake nema. Ta fi bayolin girma kaɗan, muryarta ta fi zurfi, rubutun kiɗanta ma da wata alama daban ake karanta shi, sai yaro ya sake koyon karatu. Amma idan babu ita ƙungiya ba ta tsayuwa. Abin da nake yi shi ne, duk yaron da ya yarda ya koma biyola ba na karɓar kuɗin haya a zangon farko. Idan hannunsa bai kai ba, sai in ɗaura tsirkiyar biyola a jikin bayolin har ya ƙara tsawo. Ba asara nake yi ba, domin mai biyola ɗaya yana tabbatar mini da hayar kaya uku. Na kuma lura yaran da suka zauna a wannan kujerar ta tsakiya su suka fi kowa kunne, saboda dole su ji na sama su ji na ƙasa a lokaci guda.

Haya ta fi saye ga iyaye saboda yaro girma yake yi. Bayolin yana da mataki-mataki: akwai rubu'i, rabi, uku bisa huɗu, sannan cikakke, har da waɗanda suka fi rubu'i ƙanƙanta. Nakan sa yaro ya ɗora a kafaɗa ya miƙe hannun hagu. Idan tafinsa ya rufe kan bayolin ɗin ba tare da ya yi miƙa ba, to daidai ne. Uba yakan ce, "Malam, ka ba shi babban kawai, ai zai girma ya same shi." Nakan ce, "Alhaji, kafin ya girma wuyansa da kafaɗarsa sun gaji, ya tsani abin." Yawancin kayan ɗalibai daga Sin suke zuwa, da yawansu daga garin Huangqiao da ya yi suna a wannan sana'a, su sauka Legas, mu kuma mu sayo. Ba a miƙa wa yaro su yadda suka fito daga kwali. Sai na rage tsayin jaki, na gyara maɗauran tsirkiya su zauna daram, na duba ƙaramin sandan itacen da ke tsaye a ciki tsakanin fuska da baya, na canza tsirkiyar kamfani. A okestira kaya maras kyau yana ɓacewa cikin taro. A cikin mutum huɗu kuwa kowa zai ji shi, kuma yaron ne zai ɗauki laifin da ba nasa ba.

Babban abokin gabar shagona hunturu ne. Waɗannan kaya an ƙera su da itacen ƙasashen sanyi, fuskar bayolin kaurinta kusan milimita uku ne kacal, ga tsirkiya huɗu suna jan ta da nauyin da ya haura kilo 20. Suna son danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan buji ya sauko, danshin yana faɗuwa ƙasa da haka sosai. Itace sai ya tsuke. Maɗaurai su saki cikin dare, yaro ya buɗe akwati da safe ya tarar tsirkiya ta kwanta. Gefe ya buɗe. Ƙaramin sandan ciki ya faɗi ya riƙa yawo. Mafi muni fuska ta tsage, kuma idan tsagar ta bi ta kan wurin da sandan ke tokare, gyaran ya kusa kuɗin sabo. Izgar baka ma tana tsukewa, idan yaro ya manta bai sassauta ta ba bayan kiɗa, tana iya karya kan bakan. Da damina kuma sai abin ya juye: maɗaurai su kumbura su ƙi juyawa, izga ta saki, akwati ya yi fumfuna.

Shi ya sa kafin sanyi ya shigo nake kiran duk kayan haya su dawo a duba su. Kowane akwati nakan sa masa ɗan soso mai laima a cikin gidan sabulu da aka huhhuda, in nuna wa yaron yadda zai riƙa jiƙa shi yana matsewa. A ma'ajiya akwai randa biyu a buɗe da ma'aunin danshi a bango. Roƙon da nake yi wa iyaye kullum shi ne, idan gefe ya buɗe kada a kai wa kafinta, kada a ɗiga masa gam ɗin kanti. Da danƙon fata ake haɗa bayolin, wanda ake narkawa da ɗumi, kuma da gangan aka zaɓe shi: idan itace ya motsa, danƙon ne ke saki kafin itacen ya tsage, mai gyara kuma zai iya buɗewa ya mayar. Gam mai ƙarfi yana riƙewa har sai itacen ya yage. Na ga kaya masu kyau sun lalace a haka, kuma abin yana yi mini ciwo, domin aikin minti talatin ne da an kawo mini tun farko.

Yadda muke gwaji ba wuya. Ranar Asabar ƙungiyoyi ke zuwa bi da bi. Akwai malaman da nake biya, waɗansu sun yi difloma a makarantar MUSON da ke Onikan a Legas, ta ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da aka kafa tun 1983. Malami yana zama da yara rabin lokaci, sauran rabin kuma mu bar su su kaɗai, ƙofa a buɗe, ina jin su daga teburina. Wannan rabin na biyu shi ne zuciyar abin. Da farko gardama ce: "Ke ce kika yi sauri." "A'a, kai ne ba ka ƙirga ba." Ba na shiga. Doka ɗaya na kafa, ba a cewa wane ya ɓata, sai dai a ce mu sake daga wuri kaza, kuma kowa da fensir a kan teburin takardarsa. Bayan 'yan makonni sai ka ji murya ta canza. Ka ji yarinya tana cewa, "Yaya, ka ɗan rage a nan, ni ke da waƙar," shi kuma ya rage. Suna gyara sautin tsirkiyarsu da kansu, su ɗauki na farko daga na'ura, sauran da kunne. Ranar da na ji sun tsaya da kansu don sauti ɗaya bai zauna ba, suka riƙe shi har ya daidaita, na san ƙungiyar ta kafu.

Ina haɗa su bisa iyawa, ba bisa shekaru ko abota ba, kuma masu bayolin biyu suna musayar kujera daga wannan kiɗa zuwa wancan. Wannan yana kawo ƙorafi. Wata uwa ta taɓa tare ni, "Malam, me 'yata ta yi aka mayar da ita ta biyu?" Na ce, "Hajiya, ki zauna ki saurara." Na sa 'yarta ta yi shiru sauran uku suka ci gaba, sannan ta shiga. Ta ji bambancin da kunnenta. Akwai kuma iyayen da ke ɗari-ɗari tun farko saboda sunan da goge ya yi a ƙasar Hausa, ana danganta shi da bori da wuraren shaye-shaye. Ba na raina wannan damuwa. Nakan gayyaci uba ya zo ya ga ɗakin, ya ga su wane ne abokan zaman ɗansa, ya san lokacin tashi. A cikin yaran akwai Kirista akwai Musulmi, kuma ana tsara lokaci yadda ba zai ci sallah ko sujada ba. Ni dai ina girmama masu goge, izga ɗaya da ƙaro ɗaya muke amfani da su, sai dai tamu izgar daga Mongoliya ake kawo yawancinta.

Ta fuskar kuɗi, 'yan huɗu sun fi okestira sauƙin motsawa nesa ba kusa ba. Mota ɗaya ta ishe su, kujera huɗu, ba lasifika ba janareto. Ana kiran manyan ƙungiyoyina bikin aure, yaye ɗalibai, da taron kamfanoni. Ba ma zuwa taron dare, ba ma karɓar aiki a makon jarabawa, kuma babba yana raka su. Abin da aka biya ana raba shi uku: kason yara da ake miƙa wa iyayensu, na malami, da na asusun tsirkiya. Wannan asusun ya zama dole tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, domin tsirkiya da izga da jaki duk da dala ake sayo su, kuma tsirkiyar celo ɗaya mai kyau yanzu sai an yi shawara kafin a saya.

Shugabannin makarantu sukan ce mini suna son okestira amma kuɗin kaya arba'in ya fi ƙarfinsu. Nakan ce su fara da huɗu. José Antonio Abreu da matasa 11 ya fara a Karakas a 1975, abin da ya zama El Sistema, shirin koya wa yara kiɗa na Benezuwela, inda shahararren jagoran okestira Gustavo Dudamel ya fito. A Kinshasa, okestirar da Armand Diangienda ya kafa a 1994 ta fara da kaya kaɗan ana karɓa-karɓa, har da wayar birkin keke suka yi tsirkiya. A Soweto kuma Rosemary Nalden ta kafa makarantar Buskaid a 1997, kuma da kayan tsirkiya kaɗai ta yi suna a duniya. Makarantar da ta raini ƙungiya uku ta 'yan huɗu ta riga ta samu shugabannin kowane sashe, yara goma sha biyu da suka iya ƙirga da sauraro. Idan aka zo ƙara wasu a bayansu, akwai waɗanda za su bi.

Abin da ya fi damuna yanzu biyu ne. Na farko ƙarancin masu gyara. Ina koya wa wani saurayi da ya taɓa kaɗa celo a wurina; ya iya sa izga a baka, ya fara sassaƙa jaki, amma tsayar da sandan ciki sai a hankali, aiki ne na shekaru. Na biyu, kowace ƙungiya tana watsewa idan yaran suka gama sakandare, wannan ya tafi Zariya, wancan Nsukka, wata Legas. Don haka tun suna aji biyar nake fara zaunar da ƙanana kusa da su suna juya musu takarda suna ji. Bana ƙungiyar da ta fi kowace ƙwarewa za ta rasa mai celo da mai biyola a lokaci guda. Akwai yara biyu 'yan shekara goma sha biyu da suka fara a kan rabin celo, kuma ina neman na uku bisa huɗu da zan mayar da su kai kafin Janairu.