Jirgi Ya Riga Ya Bar Gaɓa

Tun da na dawo Kaduna, 'yan majalisarmu ta Unguwar Rimi ke tsokanata wai na je Amurka na dawo kurma. To, ɗan yayata da ke karatu a New York ne ya jawo min. Cewa ya yi, "Kawu, akwai kiɗa a jirgin ruwa, ka zo ka ga birni da daddare." Na ɗauka irin zaman shan iskar nan ne na bakin kogi a Gamji. Na ci kaftani, na kafa zanna, na zura silifas.

Sai da aka kwance igiya yaron nan ya ce min sunan kiɗan hardcore punk. A Amurka kiɗan ya taso wajen ƙarshen shekarun 1970, kuma Bad Brains ta Washington, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka aza masa tubali, duk baƙar fata ne. Waƙa ba ta cika wuce minti biyu ba. Mai ganga kamar ana korarsa, mawaƙi yana ihu har jijiyar wuyansa ta miƙe, jama'a kuwa suna bangazar juna a tsakiyar fili. Ga jirgi yana tangaɗi, ga bangaza.

Gaskiya suna da ladabinsu. Duk wanda ya faɗi, nan take hannaye su ɗago shi. Da hulata ta tuntsure, wani ƙato mai zane a fatar jiki har wuya ya tsinto ta, ya kaɗe, ya miƙo min.

Amma ba ƙofar fita! A zauren biki in ƙara ta ishe ka, ka sulale ka nemi mota. A nan fa? Ruwa ta kowane ɓangare, rufin ɗakin kusa da kai, sifika a gindin kunne. Na hau sama, iskar kogi ta koro ni. Na sauko, ƙara ta mayar da ni. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, minti 15 ne iyakar abin da kunne zai ɗauka lafiya, kuma irin wannan wasa yakan zarce haka. Ni kuwa sai da jirgi ya ga dama ya juyo.

Abin da ya fi ƙona min rai, kusan kowa ya cusa 'yar robar toshe kunne, har da shi ɗan nema. Tasa kaɗai ya kawo. "Ai na manta, Kawu."

In an gayyace ka, tambayi irin kiɗan tun ƙafarka tana ƙasa. Sayi robar kunnen a kemis, sa rufaffen takalmi, don farcen babban yatsana har yau bai gama fitowa ba. Ka kuma sallaci magariba da isha kafin ka hau, ba inda za ka shimfiɗa darduma.

Kunnen dama ya saki. Na hagu yana min shuuu in gari ya yi tsit, kuma na gaya wa Yaya ta ja wa ɗanta kunne kafin ya zo hutu.