Ku Bar Wa Kaji Ruwansu: Shawara Kan Ƙarin Abinci Lokacin Zafi

Kaza ba ta gumi. Ƙannena masu sha'awar kiwon kaji, ku fara riƙe wannan kafin ku nemi wani ganye ko sinadari da ake cewa yana taimaka musu jure zafi. Zafin jikin lafiyayyar kaza yana wajen digiri 41 a ma'aunin Salshiyos, ga gashi ya lulluɓe ta, kuma yanayin da babbar kaza ta fi sakewa a cikinsa shi ne digiri 18 zuwa 24. Da zarar ɗaki ya haura digiri 30 za ku ga ta wangale baki tana haki, ta saki fukafukai, ta manna ƙirji da ƙasa. Da hakin nan take fitar da zafi, kuma ruwan jikinta ne ke tafiya tare da shi. Shi ya sa shan ruwanta ke ninkawa, wani lokaci har sau uku, cin abinci kuwa ya ja baya.

Kuskuren da ya fi ci mini rai a kan ruwan nan na yi shi. Farkon shigata kiwo, duk abin da na ji an yaba sai in antaya a ruwan sha: dakakkiyar tafarnuwa, citta, garin kurkur, jiƙon zogale, bitamin C da bekin soda, duka a tanki guda. Ruwan ya yi kauri, ya koma rawaya, warin tafarnuwa na tarbar mutum tun daga ƙofa, ni kuwa gani nake gata na yi musu. Kaza za ta zo bakin mazubi, ta tsoma baki, ta girgiza kai, ta koma gefe ta ci gaba da haki. Da idona na ga haka, amma na ɗauka zafi ne ya kashe musu jiki. Da yamma mazuban suna nan kusan cike, kuma waɗanda suka fi girma, suka kusa isa sayarwa, su na riƙa kwashewa a mace. Garin neman ƙiba na samo rama.

Ba ɗanɗano kaɗai na ɓata ba. Bitamin C tsami gare shi, soda kuwa kashe tsami take yi, kuma a cikin ruwan soda mai ɗumi bitamin ɗin ba ya daɗewa yake lalacewa. Garin ganye da ya wuni a ruwan zafi kuma ruɓewa yake yi, ya bar yauƙi a bututu, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Don haka ga abin da nake roƙonku: ganye da saiwa, a cikin abinci ake haɗa su. Abin da dole sai a ruwa, ku sa shi shi kaɗai, ku haɗa sabo da safe daidai wanda za su shanye cikin 'yan awoyi, sannan ku wanke mazubi ku mayar da ruwa zalla. Ko a lokacin ma ku bar mazubi guda da ruwan da ba a sa masa komai ba. In kun ga suna tururuwa a kansa sun ƙaurace wa ɗayan, sun ba ku amsa.

Wannan ba ya nufin ƙarin ba shi da amfani. Yana da shi, in an san aikin kowanne.

Idan kaza ta daɗe tana haki, tana fitar da iskar kabon dayoksaid fiye da kima, ma'aunin jininta ya karkace, sinadarin bikabonet da take gina ɓawon ƙwai da shi ya ragu. Nan ne za ku fara tsintar ƙwai mai siririn ɓawo, wanda yatsa ke lotsawa. Ni da na ga haka sai na ɗauka ƙarancin kalsiyam ne, na yi ta lafta garin farar ƙasa a abinci, har kajin suka ƙara rage ci. Abin da ya kamata shi ne bekin soda kaɗan, domin tana ɗauke da bikabonet ɗin, kamar giram 2 zuwa 3 a kowane kilo na abinci, sannan a ba su ɓarzajjen ɓawon kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo) ko tsakuwar farar ƙasa da yamma. Ƙwai yana shafe kusan awa 20 a wurin da ake yi masa ɓawo a jikin kaza, akasari cikin dare, kuma tsakuwa mai girma ta fi daɗewa a ciki tana narkewa a hankali. Kada ku wuce kima da sodar, don kashi zai tsinke, shimfiɗar ɗaki ta jiƙe, zarni ya tashi ya haɗu da zafin.

Bitamin C kuwa, kaza tana yin nata a ƙoda, sai dai lokacin zafi ba ya isarta. Abin da aka saba ƙarawa shi ne miligiram 200 zuwa 250 a kilon abinci. Matse lemon tsami biyu a tanki ba zai kai ko'ina ba, domin giram 100 na ruwan lemon bai wuce miligiram 50 yake ɗauke da shi ba. Akwai kuma bitamin E, da wani sinadari mai suna betayin da ake samu daga saiwar da ake yin sukari da ita a ƙasashe masu sanyi. Shi betayin yana taimaka wa ƙwayoyin jiki, musamman na hanji, su riƙe ruwa, kuma wajen giram 1 a kilo ake sawa. A ganina, cikin duk kayan nan shi da soda da bitamin C ne suka fi cancantar ku fara da su.

Su kurkur, citta, tafarnuwa, habbatus sauda da zogale aikinsu daban ne. Lokacin zafi jini yana karkata zuwa fata da zanko don ya huce, hanji ya samu kaɗan, bangonsa ya yi rauni. Waɗannan tsirrai suna ɗauke da sinadaran da ke rage lalacewar ƙwayoyin jiki, irin su wani mai suna kurkumin da ke cikin kurkur. Taimakonsu tallafi ne a hankali, ba ceton gaggawa ba ne, kuma ƙarfinsu yana bambanta daga wannan gari zuwa wancan. Giram 5 zuwa 10 a kilo ya wadatar ga kurkur, citta ko tafarnuwa. Zogale a inuwa ake shanya shi, kuma kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na abinci, domin harzarsa da ɗacinsa suna rage ci, kaza mai jin zafi kuwa dama neman dalilin barin abinci take yi. Ku mallaki ƙaramin sikeli. Awon tafin hannu ya cuce ni sosai: yau ya yi yawa, gobe ya yi kaɗan. Ku fara cakuɗa garin da ɗan abinci kaɗan kafin ku juye cikin mai yawa, don kada wata kaza ta cinye rabon goma.

Ku fara tun zafi bai kankama ba, kuma abu ɗaya a lokaci guda. In kuna da ɗaki biyu, ku gwada a ɗaya, ku rubuta ruwan da suka sha, abincin da suka ci, da nauyinsu ko yawan ƙwai. Da na haɗa komai wuri guda, ko da an samu ci gaba ba ni da hanyar sanin wanne ne ya yi aikin.

Lokacin ba da abinci ma ya kai kowane ƙari muhimmanci. Narkar da abinci yana tayar da zafi a jiki 'yan awoyi bayan ci, saboda haka kajin nama da suka cika ciki da hantsi za su haɗu da zafi biyu da tsakar rana. Ku ba su da asuba, ku ɗage mazuban abinci kafin rana ta take, ku mayar da la'asar sakaliya, ku kunna musu fitila su ci da dare. Ɗan man girki, kashi 2 zuwa 3 cikin 100, yana ba da ƙarfi ba tare da tayar da zafi kamar hatsi da furotin ba.

Duk wannan ba zai yi aiki a cunkusasshen ɗaki marar iska ba. Ku rage yawan kaji, ku yi wa tanki inuwa, ku zubar da ruwan da ya ɗumame a bututu da rana, kada kuma ku kama su ko ku yi musu rigakafi sai da sanyin safiya. Ranar da za ku ba da rigakafi ta ruwa, kada ku sa musu wani ƙari a ciki. In kuma dare ya yi, gari ya huce, amma kuka ji suna ci gaba da haki, ko akwai majina, tari ko kumburin fuska, to ba zafi kaɗai ba ne. Ku ware marasa lafiyar, ku kira likitan dabbobi tun da wuri.