Daga Gadar Tamburawa Zuwa Bakin Jakara

Duk wanda ya taso daga Zariya zai shiga Kano sai ya haye gadar Tamburawa, amma yawancinmu barci muke a mota, ko hankalinmu na kan waya. Ni a wannan karon nan na sauka, domin kawuna, wanda ya tsufa a aikin ruwa har ya yi ritaya, ya yi mini alkawarin nuna mini inda ruwan famfon birnin yake fitowa.

Tun daga wajen Kadawa da Kura idona yake kan ruwa. Rani ne, amma gonakin tumatir da alkama kore shar, ruwa na bin magudanan siminti daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Tigan nan ce ke riƙe da kogin Kano idan damina ta wuce. Ɗan'uwansa kogin Challawa kuma yana da tasa madatsar a wajen Ƙaraye, an gama ta a 1992. A kusa da Tamburawa kogunan biyu suke haɗuwa su nufi Wudil da Haɗeja.

Na iske Kawu a gindin gada da 'yar hularsa, yana kallon masu ɗiban yashi. Ya nuna mini kogin, ruwa jawur da laka, ya ce, "Ɗana, ka ga abin da za ka yi alwala da shi anjima a cikin gari."

Matatar Tamburawa ta Hukumar Ruwa ta Jihar Kano ce. Sabon ɓangarenta, wanda aka gina zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an tsara shi ya iya tace lita miliyan 150 a rana. Manyan injina ke zuƙo ruwa daga kogi, sai a zuba masa alif. Nan na fi daɗewa a tsaye. Lakar da ke cikin ruwan kogi ta yi laushin da ko kwana za ka bar ta a bokiti ba za ta kwanta duka ba. Alif ne ke sa ta haɗu guda-guda, kamar nono ya tsinke, ta yi nauyi ta sauka ƙasan wasu manyan tankuna, ruwan da ke sama ya malala ta gefe garau. Daga nan ya ratsa shimfiɗar yashi da tsakuwa, wadda ke tare ragowar datti. Idan yashin ya toshe, sai a turo ruwa ta ƙasa da ƙarfi a wanke shi. A ƙarshe a sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta, masu gwaji su ɗebi ruwan a kwalabe su duba. Kawu ya ce da damina, idan kogi ya kawo, alif ɗin da ake zubawa ya fi na rani nesa ba kusa ba, kuma ma'aikaci ba ya runtsawa don launin ruwan na iya canzawa cikin dare.

Na tambaye shi, "Kawu, to me ya fi ba ku wahala a lokacinku?" Bai ko yi tunani ba ya ce wuta. Ruwa nauyi ne da shi, kuma ba ya hawa tudu da kansa. Kowace lita sai inji ya tura ta, inji kuwa lantarki yake ci ko man gas.

Da rana muka shiga gari ta Na'ibawa, muka wuce har Goron Dutse. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kafa matatar farko a Challawa wajen Panshekara, ake turo ruwa zuwa tankunan da ke kan dutsen, daga can ya gangaro cikin unguwanni ba tare da inji ba. Dabara ce mai kyau, sai dai Kanon da aka yi wa lissafi a lokacin yawancinta a cikin ganuwa take. Yau daga saman dutsen duk inda ka juya rufin kwano ne har ƙarshen gani. Shi ya sa a kowane lungu sai ka ci karo da ɗan garuwa yana tura kura cike da jarkoki, ya ɗebo daga rijiyar burtsatsen wani mai hali. Talaka, wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi, shi ya fi kowa sayen ruwa da tsada, kuma wannan yana damuna.

Washegari na roƙi Kawu ya kai ni inda ruwan yake zuwa bayan an gama da shi. Ya ɗan yi shiru, sannan muka hau adaidaita muka bi Jakara, rafin da ya ratsa cikin birni. A cikin gari an rufe wani sashe nata an shimfiɗa titi a kai, amma tana nan a ƙasa, tana karɓar ruwan wanki da na wanka da na kwata daga lambatu zuwa lambatu. Inda ta sake bayyana, baƙa ce wuluk, ledoji sun cika gefenta, warin kuwa tun kafin ka ƙarasa zai tare ka. Can gaba rafin Getsi ya kawo mata ruwan masana'antun Bompai, su tafi tare zuwa madatsar Wasai a Minjibir. A kudancin gari kuma majemun Sharaɗa da Challawa ke jima da sinadarin kuromiyam, wanda doka ta ce a tace shi kafin a saki ruwan.

A bakin Jakara na ga wani dattijo ya jefa bututun injin ban-ruwa cikin wannan baƙin ruwa, yana shayar da salak da alayyafo da za su isa kasuwa da asuba. Ban ga laifinsa ba. Shi ne ruwan da yake da shi duk shekara.

Yawancin gidajen Kano ba su haɗe da wani babban bututun bahaya. Kowa da shaddarsa ko sokawe, idan ta cika a kira mota ta kwashe. Kawu ya ce gyaran ruwan datti ba wani sihiri ba ne: a tare shara da raga, a bar dauɗa ta kwanta, sannan ruwan ya bi ta jerin tafkuna masu faɗi, inda rana da ƙananan halittu ke cinye ƙazantar cikin 'yan makonni, ya fito manomi ya yi amfani da shi lafiya. Fili yake buƙata da zafin rana, kuma Kano ba ta rasa ko ɗaya ba.

A hanyar komawa tasha ya tsayar da ni ya nuna mini wani siririn bututun famfo da ya ratsa ta cikin lambatu, an ɗaure inda ya fashe da robar taya. Ya ce muddin akwai ruwa a ciki da ƙarfi, waje yake tsartuwa. Amma da zarar an ɗauke, bututun ya zama fanko, sai ya zuƙi na kwatar, a kai wa mutanen gida idan ruwa ya dawo. Ta irin wannan kafa amai da gudawa ke shiga unguwa da damina. Kafin mu bar wajen sai da Kawu ya yi sallama da mai gidan, ya kwatanta masa yadda zai ɗaga bututun sama da bakin lambatun.