Solan da ake naɗewa, da lissafin da ba a faɗa a bidiyo

Haɗa sola nake yi a nan Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura. Farantan da muke ɗorawa kan kwano duk na silikon ne. Kwanan nan yaran shago suka ishe ni da bidiyon wani sola mai laushi da ake naɗewa: "Oga, wannan fa zai kashe mana kasuwa."

Babu silikon a cikinsa. Sinadaran kabon ne, dangin roba, ake narkarwa a shafa. Kaurin shafin wajen nanomita 100, gashin kai ya ninka shi sau ɗaruruwa. Tun da masu bincike a China suka fito da sinadarin Y6 a 2019 harkar ta yi sama, har ana mai da kusan kashi 20 cikin 100 na hasken rana wuta.

To, amma a tambayi girman abin da aka gwada. Bai kai farce ba. A 2023, a Erlangen ta Jamus, an haɗa mai faɗin murabba'in santimita 200 da 'yan kai, ya ba da kashi 14.5, kuma a lokacin babu mai irin girmansa da ya kai shi.

Ƙaramin, ɗiga ruwan sinadarin ake yi kan gilashi a juya shi da gudu ya baje. Babba ba ya bajewa haka, sai an ja ruwan da wuƙa mai lebur, nan ya yi kauri, can ya yi siriri. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta huda shafin wuta ta riƙa zurarewa.

Matsala ta biyu ce ta fi shiga raina, don na san ta a hannu. Shimfiɗar da haske ke ratsawa, mai kwaso wutar, wadda ake kira ITO, tana da turjiya, wato tana rage wutar da ke bi ta cikinta. Duk wanda ya taɓa jan siririyar waya daga rufi zuwa batir mai nisa ya ga yadda wuta ke ƙarewa a hanya. Shi ya sa suke tsaga farantin da hasken lesa zuwa siraran layuka, su jona su a jere. Sai dai gurbin kowace tsaga ba ya ba da wuta, don haka kokawar yanzu ita ce matse tsagar.

Saura zafi. Iska da danshi da zafin rana suna cin waɗannan sinadarai, kuma kwanon Katsina a watan Afrilu ba ya tausayin kowa. Silikon kuwa garantin shekara 25 ake ba shi. Inda nake kwaɗayin na robar shi ne rumfunan kasuwa, waɗanda farantin kilo 25 ke lanƙwasa wa rufi.