Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: "Ka Dawo Gobe"

Makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni sitaj, wato koyon aiki, a wani biro (ofis) da ke Sabon Gari a Damagaram. A 2011 ne, shekarar da aka buɗe matatar mai ta SORAZ, lokacin da kusan kowane matashi a Damagaram yake yawo da dosiye, wato takardun neman aiki, a hammata. Ni kuwa takardar sakatariya gare ni, ga Faransanci a baki, ga saurin buga kwamfuta. Na ɗauka aikin ke nan.

Wadda aka haɗa ni da ita, Tanti muke ce mata. Tun zamanin keken rubutu take kan kujerar nan. Manyan littattafai biyu ta fara miƙo mini, na wasiƙun da suka shigo da na waɗanda suka fita: lamba, kwanan wata, wanda ya aiko, abin da wasiƙar ta ƙunsa, sannan hatimi. Kwana uku na iya.

Ranar wata Alhamis, ranar da Kasuwar Dole take cika, wani tsoho ya shigo da takardu a cikin leda, rawaninsa duk ƙura. Motar ƴan kasuwa ya biyo daga Magariya, kusan kilomita 90. Darakta ba ya nan. Ban ko ɗaga kai daga kwamfuta ba na ce masa "revenez demain". Ya tsaya yana kallona. Na maimaita da Hausa, ka dawo gobe.

Tanti ta miƙe. "Baba, sannu da hanya. Ya mutanen gida? Zauna nan." Ta ɗebo masa ruwa a randa, kuma duk ɗan Damagaram ya san darajar ruwa a garin nan da bazara. Ta warware ledar, ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Ashe ko darakta yana nan dosiyen ba zai wuce ba: kwafin takardar haihuwa babu hatimin ma'aikatar magajin gari, hotuna kuma babu. Ta faɗa masa da Hausa sarai, ta rubuta a ƴar takarda don ɗansa ya karanta masa, ta ce darakta yana Yamai, kada ya wahalar da kansa sai Talata. Ta karɓi lambar ɗan, ko da wani abu zai canza.

Bayan ya fita ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Ƴata, goben nan da kika ba shi, kin san kuɗin motarta?"

Har yau maganar tana sukata. Mahaifina ma bai yi lakol ba, kuma na san yadda yake dawowa gida shiru in an kore shi da Faransanci.

A daren na sayi ƙaramin littafi a bakin titi. Duk kalmar biro da na ci karo da ita, sai in rubuta yadda zan bayyana wa innata ita ta gane. Wasu sun ba ni wuya, na kwana biyu ina juya su, in kai wa Tanti ta gyara. Na kuma daina cewa gobe sai na duba ajandar darakta, na tabbata goben tana nan.

Talata tsohon ya dawo, dosiye cikakke. Ni na karɓa, na sa masa lamba, na gaishe shi yadda ya kamata. Wajen fita ya aje mana goro biyu a kan tebur.

A watan ne darakta ya leƙo ya ce in ɗauko alƙalami da takarda, ni zan rubuta rahoton taro. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.