Yadda na riƙa zaɓa wa ɗiyar ƙanwata littattafan ban tsoro a Jidda

Wanda bai saba da karatu ba, duk littafin da ka miƙa masa zai karɓa ya yi godiya. Mai wuyar sha'ani shi ne wanda karatu ya riga ya zame masa jiki, don kafin ka rufe baki ya ce ya karanta wannan, har ya nuna maka inda marubucin ya gaza. Irin wannan Allah ya ba mu a gida: ɗiyar ƙanwata, haifaffiyar Makka, da ta dawo wurinmu a Jidda saboda jami'a. Da Larabci take karatu, Ingilishi na biye. Hausa kuwa tana jin ta sarai a baki, amma rubutun boko yana yi mata nauyi, haka yawancin yaranmu da aka haifa a nan suke. Ni a Kano na tashi, a can na kamu da son littafi, Larabcin karatu kuma a nan na ƙarasa shi, a shagon jakunkuna da dardumai da nake tsaro a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, a watannin da alhazai suka koma kasuwa ta yi sanyi.

Ita ta kawo maganar. Ta ce, "Kawu, na gama duk abin da ƙawayena suke karantawa. Ina son wanda zai ba ni tsoro da gaske, ba wanda zan hango ƙarshensa tun daga tsakiya ba."

Ban ba ta sunan littafi ko ɗaya ba a ranar. Tambayarta na yi me ta karanta, wanne ta kai ƙarshe, wanne ta ajiye, kuma a ina ta ajiye shi. Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi sauran amfani nesa ba kusa ba. Ta karanta Khauf na Usama Almuslim, wanda ya fito a 2015, matasan ƙasar nan suke rububinsa. Ta karanta Haujan na Ibrahim Abbas, na 2013, labarin aljanin da 'yan Adam suka tare a gidan da yake zaune a nan Jidda. Ta ce bai tsorata ta ba, amma ta so shi, don garin da ta sani ne, kuma aljanin ne yake ba da labarin, mu ne baƙin da suka takura masa. Dracula na Bram Stoker, na 1897, shi ta ajiye a tsakiya. Da na nemi dalili sai ta ce, "Kawu, abin da gicciye da tafarnuwa suke kora, ni me ya haɗa ni da shi?"

Daga nan na gane ta inda zan ɓullo mata. Yarinyar da ta tashi ana kiran ta cikin gida da zarar magariba ta kawo kai, ana hana ta watsa ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, ba za ta karanta labarin aljanu yadda Bature yake karanta shi ba. Shi wasa yake da abin da bai yarda akwai shi ba. Mu kuwa mun san akwai su, sura guda ke ɗauke da sunansu a Alƙur'ani. Saboda haka labarin ya fi saurin shiga jikinmu, kuma mun fi saurin gane marubucin da yake shaci-faɗi don kawai ya cika shafi.

Wannan ne ma ya sa uwarta ta bugo mini waya daga Makka da ta ji abin da muke ciki. Ta ce, "Yaya, don Allah kada ka cusa wa yarinyar nan abin da zai hana ta barci ko ya taɓa mata aƙida." Tana da gaskiya, kuma na ba ta amsa a kan gaskiyarta. Na ce mata labari daban, littafin koyar da tsafi daban. Duk ƙagaggen labarin da ya buga hatimi, ko ya jero sunayen da ake kira, ko ya riƙa kwaɗaita wa mai karatu neman irin su Shamsul Ma'arif, tsohon littafin sihirin nan na Larabci, ba zai shiga gidana ba, kome daɗin rubutunsa. Na kuma yi mata alkawarin babu littafin da zan miƙa wa yarinyar sai na karanta shi da kaina tun daga bango har bango. Alkawarin ya ci mini lokaci sosai, amma shi ya ba shawarata daraja a wurin uwar da 'yar baki ɗaya. Mai yawan karatu yana gane wanda ya karanta littafi da wanda ya ji labarinsa a intanet cikin tambaya biyu.

Da Ahmad Khalid Taufiƙ na fara mata, likitan nan na garin Tanta a Masar da ya rasu a 2018. A 1993 ya soma jerin Ma Wara'aɗ Ɗabi'a, 'yan ƙananan littattafai masu shiga aljihu, suka kai wajen 80. Da ta ga girmansu sai ta yatsine fuska, ta ce na yara ne. Na ce ta karanta ɗaya tukuna. Jarumin, Dakta Rif'at Isma'il, tsohon likitan cututtukan jini ne, ramamme, mai sanƙo, ga ciwon zuciya ga shan taba, ba ya iya faɗa ba ya iya gudu, kuma shi kansa tsoro yake ji. Abin da ya kama ta ke nan. Ba ta dawo tana ba ni labarin dodanni ba, maganganun tsohon take ta maimaitawa a wurin cin abinci har matata ta haddace wasu. Wanda ya karanta littattafai da yawa ya riga ya ga kowane irin dodo. Abin da yake riƙe shi har ƙarshe shi ne muryar mai ba da labari, da kuma ko ya damu da mutumin da abin yake shirin faɗa wa.

Sai na kawo mata wanda nake ganin ya fi duka, Frankenstein fi Baghdad na Ahmad Sa'adawi, ɗan Iraƙi, wanda ya fito a 2013 ya ci babbar kyautar ƙagaggun labaran Larabci ta duniya a 2014. A Bagadaza ne, lokacin mamayar Amurka, bama-bamai suna tashi kusan kullum. Wani mai sana'ar gwangwan da tsofaffin kaya, Hadi, ya riƙa tsinto sassan jikin mutanen da bam ya tarwatsa yana ɗinke su wuri guda, don a samu gawa cikakkiya da za a yi wa sutura a binne ta kamar ɗan Adam, ba a share ta tare da shara ba. Sai ran wani mai gadin otal da bam ya kashe ya shiga gawar, ta tashi, ta shiga ɗaukar wa kowane sashe na jikinta fansa. Amma sassan suna ruɓewa suna zubewa, dole ta nemi sababbi, tun tana ɗauka daga waɗanda aka zalunta har ta kai ba ta iya tantance mai laifi da marar laifi. Ga kuma wata tsohuwa Kirista a unguwar, da ɗanta ya tafi yaƙin Iraƙi da Iran bai dawo ba, ta ga halittar ta rungume ta a matsayin ɗanta.

Wannan littafin ya zaunar da mu hira har dare ya raba. Ta fito falo da shi a hannu, ta ce, "Kawu, ni tsohuwar nan ce ta hana ni sukuni, ba halittar ba." Muka shiga maganar ramuwa, da yadda kowane ɓangare a yaƙi yake ganin shi aka fara zalunta. Na ba ta labarin abin da 'yan uwanmu suka gani a Maiduguri da Kano a shekarun tashin bama-bamai, abin da ita a waya kawai take jin sa. Ina ganin tsoro mafi inganci a littafi shi ne wanda idan ka cire dodon, abin da ya rage har yanzu yana da ban tsoro. Ban ce mata ta nemi Frankenstein na asali ba, wanda Mary Shelley ta fitar a 1818. Ita ta je kantin littattafai na Jarir ta sayo shi da kuɗin aljihunta, don tana son ta ga inda Sa'adawi ya ɗebo ruwa.

Ba na jera mata na ban tsoro biyu a jere. Idan yaji ya yi yawa a baki, harshe yana daina jin ɗanɗanon miya. A tsakani na ba ta Ursuz Zain na Ɗayyib Salih, marubucin Sudan, labarin ƙauye a bakin kogin Nilu mai sa dariya da taushin zuciya. Na kuma ba ta Ɗauƙul Hamam na Raja'a Alim, 'yar Makka, wadda ta zama mace ta farko da ta ci waccan kyautar a 2011. An tsinci gawar mace a wani lungu na Makka, kuma lungun da kansa yana cikin masu ba da labarin. Na zaɓa mata shi ne don ta ga garin haihuwarta da tsofaffin unguwannin da ake rushewa a cikin adabi. Larabcinsa ya yi mata kauri, ta ajiye, ban matsa mata ba. Da dogon hutu ya zo ta koma masa da kanta.

A ɓangaren Ingilishi, biyu suka yi tasiri. The Haunting of Hill House na Shirley Jackson, na 1959, kusan babu jini a ciki, ba a ma taɓa nuna maka fatalwar ido da ido ba. Mace ce da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana jinyar uwarta, ta shiga wani gida da ake cewa ba lafiya ba, har ka rasa gane gidan ne yake cin ta ko kaɗaicinta. Sai Misery na Stephen King, na 1987, wanda ba aljani ba fatalwa: marubuci ne ya yi hatsarin mota, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya mai tsananin son littattafansa ta ɗauke shi ta kulle a gidanta. King yana da ashar da wasu wuraren da ba su dace da tarbiyyarmu ba, na gaya mata haka tun kafin ta buɗe, don ba yarinya ƙarama ba ce, kuma gara ta ji daga bakina.

Akwai littafin King da na hana, kuma har yau ina kan bakana: Pet Sematary, na 1983. A wurina ya fi duk nasa ban tsoro. Labarin maƙabartar da take dawo da abin da aka binne a cikinta ne, da mutumin da ya kasa haƙura da rashin da ya yi. Mahaifin yarinyar nan bai daɗe da rasuwa ba lokacin da ta zo wurinmu, kuma na lura ko sunansa aka ambata sai ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta ga littafin a kan kantata ta tambaya, ban ɓoye mata ba. Na ce, "'Yata, wannan a kan mutuwa ne da ƙin yarda da ƙaddara. Yana da kyau, amma ba yanzu ba." Ta yi shiru, ta mayar da shi. Jerin sunayen littattafai da ake yaɗawa a Facebook ba zai taɓa sanin wannan game da mai karatu ba. Sai wanda yake cin abinci tare da shi.

Abin da ya fi damuna tun farko shi ne a ce duk wannan karatun babu na Hausa a ciki. Tunda boko yana yi mata nauyi, sai na riƙa karanta mata da baki bayan sallar isha'i, ita tana bin layin da ido. Mun ɗan taɓa Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ta yi dariya sosai. Amma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na 1934, shi ya girgiza ta fiye da duk na aljanun. Yaro ne aka raba da uwarsa a zamanin bauta aka ƙetara hamada da shi, uwar ta bi sawunsa ita ma ta faɗa hannun masu bayi. Kakanta na wajen uba da ƙafa ya zo ƙasar nan, ta Chadi da Sudan, yana tsayawa yana aikin gona ya tara guzuri, kafin ya ƙetaro Bahar Maliya. Ta sha jin wannan a gida a matsayin tarihin tsofaffi, ba ta taɓa tsayawa ta yi tunanin me hanyar take ci ba. Washegari ta kira gwaggonta a Makka ta yi ta yi mata tambayoyi, har gwaggon ta bugo mini tana tambayar me na karanta wa yarinyar.

Yanzu tana iya karanta shafi na boko ita kaɗai, a hankali. Ta ce tana son na ban tsoro da marubutan Kano suke rubutawa, na matsafa da 'yan shan jini, ta ga yadda namu suke sarrafa abin. Na yi magana da wani abokin ciniki da yake zuwa Umara duk azumi, zai zagaya wurin masu sayar da littattafai a kasuwar Sabon Gari ya haɗo mana abin da ya samu. Idan sun iso zan fara karantawa kamar yadda na yi wa uwarta alkawari, waɗanda suka tsallake in miƙa mata ɗaya bayan ɗaya. Kafin nan, mun shirya zuwa baje kolin littattafai na Jidda tare a watan Disamba, kuma ta ce wannan karon ita za ta zaɓa mini guda biyu.